Man kattan ya yi ɗaci da ƙarni, in ci gaba da ba maigida?

Assalamu alaikum. Maigidana yana da hawan jini, shekara huɗu ke nan yana shan magani. Wata ƙawata ta ce man bizrul kattan (irin shukar da ake kira flaxseed ko linseed da Turanci) yana wanke jijiyoyi, sai na sayi lita guda a wani shagon magungunan Musulunci a nan Gombe. Ranar farko na soya ƙwai da shi, kicin ya turnuƙe da hayaƙi da ƙarni kamar na kifi. Daga nan na koma ba shi babban cokali biyu kullum da safe. Yau kusan wata biyu ke nan kwalbar tana kan kanta kusa da taga, man ya yi ɗaci, yana maƙaƙi, bakin kwalbar ya yi danƙo. Mai shagon ya ce ɗacin shi ne ƙarfin maganin. Maigida kuma ya fara zancen ajiye ƙwayoyin asibiti. Wani kafinta maƙwabcinmu ya ce irin man ne suke shafa wa katako, zai samo mana galan da araha. Ƙanwata mai cikin wata shida ma tana so ta fara sha. Don Allah a ba ni shawara.

Uwargida daga Tudun Wada, Gombe

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya saka miki a kan ɗawainiyar da kike yi da shi.

Abu biyu ne a wasiƙarki ba sa jiran gobe. Kada maigida ya ajiye ƙwayoyinsa ko na kwana ɗaya saboda wannan man, kuma kada ki karɓi galan ɗin kafinta. Za mu dawo kan dalilin kowanne. Ita kuwa kwalbar da ke kan kanta, ta gama aikinta a matsayin abinci. Man ya juya, a daina ba shi.

Maganar mai shago cewa ɗaci ne ƙarfin maganin ba haka take ba. Sabon man kattan da aka matse ba tare da wuta ba ruwan zinare ne, ƙamshinsa mai taushi, ɗanɗanonsa tsakanin gyaɗa da ɗanyen ganye. Gaskiya ne bayan 'yan kwanaki ko makonni yakan ɗauki wani ɗan ɗaci a bayan harshe ko da a firij yake, domin akwai wani ɗan sinadari a cikinsa da ke sauyawa da wuri. Wannan shi kaɗai ba ya hana ci. Amma in ɗacin ya haɗu da maƙaƙi a maƙogwaro, da wari irin na fenti ko tsohon kifi, ga danƙo a bakin kwalba, to lalacewa ce. Duk alamomin ukun kin lissafa su da kanki.

Abin da ya sa ake neman man shi ne kuma abin da ke kashe shi. Fiye da rabinsa, wato tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, wani nau'in kitse ne na dangin omega-3 da ake kira ALA. Jiki ba ya iya ƙera shi, sai an ci. Man gyaɗa da man riɗi da manja kusan ba su da shi, man waken suya yana da kamar kashi 7. To shi wannan kitsen yana da gaɓoɓi uku masu rauni da iska ke kamawa, alhali mafi yawan kitsen man gyaɗa gaɓa ɗaya gare shi. Da iska ta kama, sai sauyin ya riƙa bin man kamar yadda tsatsa ke bin kwano, zafi da hasken rana suna ƙara masa gudu. Ƙarshensa man ya bushe ya zama fata. Danƙon da kika gani a bakin kwalba farkon wannan fatar ce, kuma ita ce masu fenti da kafintoci suke so. Ki duba inda kika ajiye shi: kusa da taga, a ɗakin da ake hura wuta, a garin da zafin Maris da Afrilu ke kaiwa wajen digiri 40, ana buɗe murfi kullum iska na shiga. Ko sati uku da wuya ya yi lafiya a nan, balle wata biyu.

Hayaƙin ranar farko ma daga nan ya taso. Man kattan yana fara ƙonewa tun wajen digiri 107, kaɗan sama da tafasar ruwa. Suyar ƙosai ko awara tana buƙatar wajen digiri 170 zuwa 180. Don haka babu suya da shi, babu zuba shi a tandar masa, babu soya albasa ko kayan miya. Abin da aka saye shi dominsa yana ƙonewa a kasko, ya bar abubuwan da ba a son su a ciki. Ki bar wa man gyaɗa da manja aikin wuta, sun fi shi juriya nesa ba kusa ba.

Mu koma kan kafinta. Bai yi ƙarya ba, daga iri ɗaya ake samun man biyu. Sai dai wanda ake sayarwa a shagon fenti ba a yi shi don ciki ba. Galibi ana cire shi da zafi ko da sinadarin narkarwa, sannan wanda aka rubuta wa "boiled linseed oil" an zuba masa sinadaran ƙarfe irin su kobal da manganis don ya bushe da sauri, a zamanin da ma har da dalma. Guba ne ga mai ci. Ko wanda aka ce ɗanye ne, babu wanda ya kula da tsabtar durom ɗin da aka zuba shi. Ki yi masa godiya, ki bar masa kayansa.

Yanzu batun hawan jini, wanda shi ne asalin abin da ya kai ki shagon. Babu wani mai da ke wanke jijiya yadda omo ke wanke kwano. ALA yana da amfani ga zuciya, ba a musu, amma amfanin mai tafiyar hawainiya ne, irin na abinci. Nau'in omega-3 da aka fi tabbatar da aikinsu su ne EPA da DHA da ke cikin kifi mai maiƙo. Jiki yana juya ALA zuwa waɗannan, sai dai kaɗan ƙwarai: ƙasa da kashi 10 cikin ɗari yake zama EPA, wanda ke zama DHA kuwa bai taka kara ya karya ba, kuma jikin maza ya fi na mata rowa a wannan juyin. Ke nan kifin titus ko shawa ko sadin sau biyu a mako, dafaffe ko gasasshe, yana kai wa maigida abin da cokulan man nan ba za su kai masa ba.

Akwai binciken da masu tallar man ke yawan jingina da shi. An yi shi a birnin Winifeg na Kanada, aka buga a 2013. Mutanen da ke da ciwon toshewar jijiyoyin ƙafa, yawancinsu masu hawan jini, aka riƙa ba su giram 30 na niƙaƙƙen irin kattan kullum har wata shida. Lambar sama ta awon jininsu ta sauka da wajen maki 10, ta ƙasa da wajen 7. Sakamako ne mai kyau. Amma a lura da abu biyu da mai talla ba ya faɗa: garin irin aka ba su, ba man ba, kuma suna ci suna shan magungunansu na asibiti. Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. Mutum zai ajiye ƙwaya ya yi sati uku yana jin garau, jinin yana hawa a ɓoye, sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. In maigida ya gaji da ƙwayoyin ne saboda suna sa shi tari, ko kumburin ƙafa, ko yawan fitsari, ko wani abin da yake jin nauyin faɗa, wannan magana ce ta likita, kuma akwai wasu magungunan da za a iya sauya masa. Ki lallaɓa ki gano ko akwai irin wannan dalilin a bayan zancen nasa.

Babban cokali biyu da kike ba shi ya yi yawa ko da man lafiyayye ne. Abin da namiji baligi ke buƙata na ALA a rana giram 1.6 ne, mace 1.1. Cokalin shayi ɗaya na man, mililita 5, yana ɗauke da fiye da giram 2. Babban cokali yana da wajen giram 7, da kalori 120 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Cokali biyu kalori 240 ne a kan abincin da ya saba ci, ga mutumin da likita zai so ya rage teɓa in yana da ita. Yawansa kuma yana sa zawo da kumburin ciki. Cokalin shayi ɗaya a rana ya wadatar, in an kai biyu an kai maƙura, kuma a rage wani man a madadinsa, kada a ɗora a kai.

Daga wannan lissafin za ki ga inda kuskuren saye ya faru. Lita guda cokalin shayi 200 ce. Ku biyu kuna sha kullum sai ta yi muku kwana 100, alhali man da aka buɗe, ko a firij mai wuta dare da rana, sati huɗu zuwa shida ne ƙarfinsa. Kwalbar mililita 250 ita ce daidai ku: cokali 50, kwana 25 ga mutum biyu. Arahar babbar kwalba a nan arahar banza ce.

Wajen saye, ki nemi kwalba baƙa ko mai duhun da haske ba ya ratsawa, murfinta a liƙe da hatimi, an rubuta "cold pressed" a jikinta, wato matsar sanyi ba tare da wuta ba, da lambar NAFDAC, da ranar da aka yi shi. Ranar yi ta fi ranar ƙarewa muhimmanci. In ya haura wata shida da yi kuma a kan kanta ya yi zamansa, ki wuce. Kattan shuka ce mai son sanyi, manyan masu nomanta su ne Kazakistan da Rasha da Kanada da Sin, a Afirka kuma Habasha. Abin da ke kasuwanninmu galibi daga waje ya zo, ya sha zafin jirgin ruwa da na mota kafin ya iso Gombe. Wanda aka ɗura a gorar ruwa ta roba aka jera a rana a bakin shago, ko kyauta aka ba ki kada ki kai shi baki. Da kin buɗe sabuwar kwalba ki shinshina, ki ɗanɗana ɗigo tun ranar, don ki san asalin ɗanɗanonsa, ki gane ranar da ya fara sauyawa.

Ana algus da shi saboda tsadarsa. Irin yana da mai wajen kashi 40 cikin ɗari, matsar sanyi kuma ba ta fitar da shi duka, sai an matse sama da kilo uku kafin a samu lita. In kin ga farashin lita bai kai kuɗin kilo uku na irin ba, akwai lauje cikin naɗi. Gwaji na gida: ki sa ɗan kaɗan a firiza ya kwana. Man kattan na gaske zai yi kauri amma zai zuba, wanda aka cika da man gyaɗa ko na kwakwar manja zai yi fari ya daskare. Gwajin ba ya kama kowane algus, man waken suya yakan iya tsallake shi, amma yana rage mugun iri.

Wannan halin nasa na ƙin daskarewa shi ne mafita a inda wuta ke zuwa tana tafiya. Firiza ta fi firij riƙe sanyi in an ɗauke wuta, musamman in akwai ƙanƙara a ciki kuma ba a yawan buɗe ta. Ki ajiye babbar kwalbar a can, ki riƙa ɗiba a ƙaramar kwalba mai duhu, busasshiya sarai, abin da zai yi sati ɗaya. A rufe murfi da zarar an zuba, a goge bakin kwalba, kada a tsoma cokalin da ya taɓa baki ko ruwa. In babu firij sam, sai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama, a inuwa inda iska ke kaɗawa. Tana aiki sosai da rani da hunturu, da damina kuwa ƙarfinta yana raguwa. Ba ta kai sanyin firij ba, saboda haka a shanye man cikin sati biyu zuwa uku.

Yadda ake cinsa kuwa, a ɗauke shi kamar yaji, abin da ake zubawa bayan an sauke tukunya an zuba a faranti. Mutanen da suka daɗe da shi haka suke yi. A Masar ana zuba shi a kan dafaffen wakensu na karin kumallo, suna ce masa zait har. A gabashin Jamus dafaffen dankalin turawa suke ci da shi, da wani nono mai kauri kamar kindirmon da aka tsane. Mu ma abincinmu ya ba shi wuri, tunda muna da dangin mai da yaji. Ɗanwake, wake da shinkafa, dambu, dafaffen dankali, faten wake: a bari tururin ya lafa har yatsa ya iya jure zafin, sannan a zuba cokalin shayi a kan rabon mutum ɗaya, a ci nan take. Kada a zuba a tukunyar da za a yi ɗumame da ita.

Inda ya fi dacewa shi ne kwaɗo, domin babu wuta a ciki, tsami da ƙuli kuma suna rufe ɗan ƙarninsa. Na mutum biyu: dafaffen zogale kofi biyu an matse ruwan, dakakken ƙuli babban cokali uku, ƙaramar albasa ɗaya, tumatir ɗaya, ruwan rabin lemun tsami, ɗan barkono, sai man kattan cokalin shayi biyu a ƙarshe. Gishiri da magi a yi hannu da su, don ƙulin kansa yana da gishiri, kuma abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa baligi bai kai giram 5 a rana ba, wato bai cika cokalin shayi ba, a haɗa da na miya da na burodi da na komai. Rage gishirin nan zai sauke jinin maigida fiye da man. In ba ya son ɗanɗanon a abinci, a burge cokalin shayi ɗaya a kofin kindirmo da maburgi har man ya ɓace, a sha da fura ko haka nan.

In da za a bar mana zaɓi a gida irin naku, da irin za mu ce ki saya, ba man ba. Ɓawonsa yana tsare man da ke ciki, yana iya shekara a rufaffen mazubi a wuri mai inuwa ba tare da firij ba. Yana da ƙaiƙayin abinci mai gyara bayan gida da rage kitsen jini, wanda ake barinsa a tunkuza in an matse mai. Kuma shi aka yi binciken Kanada da shi. Sharaɗinsa a niƙa, domin wanda aka haɗiye da ɓawonsa yadda ya shiga haka yake fita. Ki niƙa na kwana uku kacal a busasshen kofin blenda ko ki daka a turmi mai tsabta. Babban cokali ɗaya na garin giram 7 ne, yana da ALA wajen giram 1.6, daidai buƙatar namiji. A fara da cokali ɗaya, bayan sati a koma biyu, kada a haura huɗu a rana. A sha ruwa sosai, don garin yana tsotse ruwa ya yi yauƙi kamar kuɓewa, in ruwa ya yi kaɗan sai ya ƙulle ciki maimakon ya sake shi. Wannan yauƙin yana iya rage shigar magani cikin jini, don haka a bar awa biyu tsakaninsa da ƙwayoyi. Shi garin, saɓanin man, yana jure dahuwa: a zuba a kunu ko koko yana kan wuta, ko a ƙullun alale. Dahuwar ma ta fi, domin ɗanyen irin yana da ɗan abin nan da ke cikin rogo mai ɗaci, kaɗan ne, zafi da ruwa suna rage shi. Saboda shi ne ba a ɗura wa ƙananan yara ɗanyen garin da yawa.

Ƙanwarki ta haƙura da man har ta sauka lafiya. Ba a tabbatar da amincinsa ga mai ciki ba, akwai ma binciken da ya alaƙanta shansa a watannin tsakiya da na ƙarshe da haihuwa kafin lokaci. Abin da ƙwaƙwalwar jaririn ke nema DHA ne, kifi da ƙwai suka fi ba da shi. Ta yi maganar a wurin awo.

Shafa shi a fata ko gashi da wasu ke yi, ba mu ga ribarsa ba. Yana juyawa a jiki ya yi wari, ya bar rawayan tabo a ɗankwali. Man kaɗe ya fi shi a wannan fagen.

Kafin maigida ya koma kan sabon mai ko garin, ki raka shi ganin likitansa da kwalayen duk abin da yake sha. A faɗa masa musamman in akwai asfirin ko wafarin ko wani maganin tsinka jini, domin omega-3 mai yawa yana iya ƙara saurin zubar jini, haka in akwai maganin suga. In an sa masa ranar tiyata, a dakatar da man sati biyu kafin nan. Ku riƙa awon jini sau biyu a mako, da safe kafin shayi, bayan ya zauna minti biyar, ku rubuta a takarda da kwanan wata. Da wannan takardar likita zai duba ko akwai abin ragewa.

Tsohuwar kwalbar kuma ba sai kin zubar ba. Ta yi daidai da ƙotar fartanya da ta gatari, ko ƙofar katako: a shafa siriri, a goge abin da ya yi saura, a bari ya sha iska kwana uku zuwa mako. Sai dai ki kula da tsumman da aka yi shafar da shi. Man yana fitar da zafi yayin bushewa, tsumman da aka dunƙule aka jefa a lungu yana iya kama wuta da kansa ba tare da ashana ba. A shanya shi a baje a kan siminti a tsakar gida har ya bushe ƙarau, ko a nutsa shi a bokitin ruwa kafin a yar.